Ƙyallen da Na Gane

Mu a Kano ba mu da teku.
Waɗanda suka je Ikko sun ce ruwan can ba a ganin ƙarshensa,
namu kuwa, yaro ya yi jifa daga wannan gaɓa
dutsen ya faɗa garejin Cindo.
Amma dai shi ne namu:
tafki a gindin lambu,
inda hukuma ta taɓa kafa benci shida,
ɓarayi suka bar mana ƙafafun biyu.

Tasalla ce ta fara, malamar aji uku,
da tsohuwar rajista mai sauran shafi.
Ta bi gida-gida.
Wani ya ba da ɗari biyu, wani tsintsiya,
wani ya ba da uzuri mai tsawon igiyar guga.
Barau ya aro baro wurin magina,
tayarsa na kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta.

Ni kunya ce ta fito da ni, ba neman lada ba.
Shagona yana kallon lambun,
ina zan ɓoye fuska ina taka keke
mata suna cikin laka har gwiwa?

Leda muka tsamo,
sai leda,
sai wata ledar a cikin leda,
tayar adaidaita, takalmi wari ɗaya,
katifar da ta sha ruwa ta fi jaki nauyi.
Kainuwa ta riƙe manjagara
kamar mai bin bashi ya kama wuyan riga.

Can wajen hantsi na jawo wani buhu,
ya fashe a ƙafata.
Shadda ruwan toka. Guntun leshi. Atamfa mai zanen makulli.
Almakashina yana da giɓi,
yakan bar haƙori a bakin yadi,
ga haƙorin nan, ɗaya bayan ɗaya,
laka ba ta goge ko guda ba.
Shekara tara ina zuwa bayan isha'i,
in waiga dama, in waiga hagu,
in ce ai ruwa ba ya magana.

Ladidi, 'yar shekara goma, ta ɗaga wani ƙyalle:
"Baba tela, wannan ba rigar sallata ba ce?"

Na nemi yawu a bakina na rasa.

Sai Barau ya tuntsire da dariya,
ya nuna mai shayi da tulin gwangwanayen madara,
ya nuna Cindo da jarkar baƙin mai:
"Yau kowa kabarin da ya haƙa yake tonewa!"
Tasalla ba ta ce uffan ba.
Sabon buhu ta miƙo mini,
ta riƙe bakinsa, ni ina zubawa.

Mun dasa darbejiya goma sha biyu,
awaki suka karɓi zakkar bakwai.
Sauran mun yi musu katanga da tayoyin da muka tsamo.
Wani mai tef ya zo auna fili, wai za a cike a yi shaguna,
ya tarar da tsofaffi sun shimfiɗa tabarmi daidai kan layinsa
suna ta gaishe shi, suna tambayar mutan gida,
har rana ta kore shi.

Yanzu ƙyallen da ya ragu ina haɗa shi,
in cusa, in ɗinke, ya zama matashi a kan benci.
Wanda ya zauna bai san a kan me ya zauna ba.
Ni na sani.

Shekaranjiya zalɓe ya sauka,
ya tsaya da ƙafa ɗaya yana duban ruwan
kamar bai gama yarda da mu ba.
Ban ga laifinsa ba.
Da asubar nan ma iska ta kawo baƙar leda
ta rataye a reshen ƙaramar darbejiya.
Bari in rufe shago, in je in cire.